Gwajin jini da ciwon numfashi a jikin tsofaffi: abin da aka koya daga Gadarif da sauran wurare

Mura mai tsanani, korona da sauran cututtukan numfashi da ƙwayar bairas ke haddasawa sukan kama matashi su sake shi cikin mako guda, amma su kwantar da dattijo har su yi ajalinsa. Abin da ke gaban likita a ranar farko shi ne ya gane wane majinyaci ne zai iya jinya a gida, wane ne ya kamata a ba shi gado, wane ne kuma zai nemi iskar oksijin kafin gari ya waye. Wani ɓangare na amsar yana cikin jini. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma akwai wasu ma'aunai a jini da kan sauya tun kafin jiki ya bayyana tsananin ciwo a fili.

Wannan bayani ya tattaro manyan ma'aunan, abin da kowannensu ke nunawa, abin da likitoci suka gano a Gadarif da ke gabashin Sudan, da kuma dalilan da ke sa a karanta sakamakon gwaji da lura a yankunanmu.

Me ya sa tsofaffi suka fi shan wahala?

Garkuwar jiki tana tsufa kamar yadda ido da gwiwa ke tsufa. Wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ke horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, tana fara ƙanƙancewa tun ɗan Adam yana matashi. Idan shekaru suka ja, jiki ba ya samar da sababbin ƙwayoyin yaƙi da sauri, don haka baƙuwar cuta takan sami lokacin yaɗuwa kafin a tare ta. A ɗaya ɓangaren kuma jikin tsoho yana saurin kumburi na ciki, wanda kan wuce gona da iri ya lalata huhun da ya zo karewa.

Ga kuma cututtukan da aka daɗe ana fama da su: ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da tsohon tari. Sannan alamomin ciwo a jikin tsoho ba sa fitowa yadda aka saba. Dattijo na iya kamuwa da ciwon huhu mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. Abin da iyali za su gani kawai shi ne ya daina cin abinci, ko yana yawan barci, ko ya faɗi a banɗaki, ko maganarsa ta rikice. Wannan ne ya sa gwajin jini ya fi muhimmanci a wurinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa murar influwenza kaɗai tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duk shekara ta hanyar matsalar numfashi. Akwai kuma ƙwayar RSV da aka fi sani da kama jarirai, amma tana kwantar da tsofaffi ita ma, da cutar MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, wadda ke da alaƙa da raƙuma.

Abin da aka gani a asibitin Gadarif

Gadarif babban gari ne na noman dawa da riɗi, kusa da iyakar Sudan da Habasha. Hausawa sun daɗe a jihar, a cikin gari da ƙauyukan bakin kogin Rahad. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo ƙaurar da aka yi zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sudan ta sanar da samun korona a karon farko a watan Maris na 2020 a Khartoum. A ƙarshen wannan shekarar likitocin Jami'ar Gadarif da abokan aikinsu suka wallafa wani bincike a mujallar Journal of Multidisciplinary Healthcare, inda suka bi takardun manya 88 da aka kwantar a asibitin Gadarif a watannin farko na annobar. Matsakaicin shekarunsu 62, kuma 72 daga cikinsu maza ne. Mutum 29 na da ciwon sukari, 24 na da hawan jini. Zazzaɓi, tari da sarƙewar numfashi su ne suka fi kawo su asibiti.

Mutum 33 suka rasu, wato kashi 37.5 cikin 100. Da masu binciken suka tantance abin da ya bambanta waɗanda suka rasu da waɗanda suka rayu, abu biyu ne suka tsaya: yawan shekaru da ƙarancin ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit. Kowace shekara guda da mutum ya ƙara tana ƙara hatsarin mutuwa da kimanin kashi 5 cikin 100. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin maza da mata ba.

Ya kamata a fahimci wannan adadi a muhallinsa. Asibiti ɗaya ne, mutane kaɗan ne, kuma waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu ne suka kai ga kwanciya. Kashi 37.5 ba ya nufin haka korona ke kisa a cikin jama'a baki ɗaya. Amfanin binciken shi ne ya nuna cewa gwaji mafi sauƙi da arha, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, yana ɗauke da labarin da ya dace da abin da aka gani a manyan asibitocin China da Turai.

Ƙidayar ƙwayoyin jini

Wannan shi ne gwajin da ake rubuta wa CBC a Sudan, Najeriya da Ghana (wasu kan rubuta FBC), a Nijar, Cadi, Kamaru da Benin kuma NFS. Kusan kowane asibitin gunduma na iya yin sa.

Limfosayit su ne fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da bairas. A jikin babban mutum mai lafiya sukan kai kimanin 1,000 zuwa 4,000 a kowace maikirolita ta jini. Idan suka sauka ƙasa da 1,000 ana cewa sun yi ƙaranci. A ciwon huhu na bairas mai tsanani, wasunsu kan bar jini su tafi huhu, wasu kuma kumburi ya hallaka su. Likitoci sun fi lura da yadda adadin ke tafiya: a waɗanda ke murmurewa yakan fara hawa bayan kwanaki, a waɗanda jikinsu ke ƙara rikicewa yakan ci gaba da sauka.

Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen karanta takarda. Sau da yawa ana rubuta limfosayit a matsayin kaso, ba adadi ba. Idan jimillar fararen ƙwayoyin jini 6,000 ce, kowa zai ce lafiya lau. Amma idan limfosayit kashi 10 ne kawai a ciki, adadinsu 600 ke nan, kuma wannan ƙaranci ne sosai.

Niyutrofil su ne rukuni na biyu, waɗanda ke ƙaruwa idan akwai kumburi ko bakteriya. Idan aka raba adadinsu da na limfosayit ana samun ma'aunin da ake kira NLR. A mai lafiya yakan tsaya tsakanin 1 da 3. Majinyacin da ke da niyutrofil kashi 80 da limfosayit kashi 10 yana da NLR 8. A farkon 2020 likitocin asibitin Ditan da ke Beijing sun bi majinyata 61, suka ga cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 50 kuma NLR ɗinsu ya kai 3.13 ko fiye, rabi sun shiga mawuyacin hali. Wasu bincike a wasu ƙasashe sun sami iyaka mafi girma, shi ya sa babu lamba ɗaya da duniya ta amince da ita. Darajar NLR ita ce ba ya buƙatar ƙarin kuɗi ko ƙarin na'ura, lissafi ne kawai daga takardar da ke hannu.

Filatilet, ƙwayoyin da ke taimakawa wajen tsayar da zubar jini, sukan kasance tsakanin 150,000 da 450,000. Saukarsu a mai ciwon huhu alama ce ta tsanani, sai dai a yankunanmu zazzaɓin cizon sauro da zazzaɓin denge sun fi saukar da su, kamar yadda bayani zai zo.

Alamomin kumburi

CRP furotin ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a cibiyar Rockefeller da ke New York, a jinin masu ciwon huhu. Yana fara hawa cikin sa'o'i kaɗan da fara ciwo, ya kai ƙololuwa cikin kimanin kwana biyu, ya kuma sauka da sauri idan kumburin ya lafa. A mai lafiya ba ya wuce miligiram 5 zuwa 10 a lita. Mura mai sauƙi ba ta cika ɗaga shi sosai ba. Idan ya haura 100 a mai ciwon numfashi, ko dai huhu ya kumbura ƙwarai ko kuma bakteriya ta hau kan bairas. Saboda saurin hawa da saukarsa, maimaita shi bayan kwana biyu ya fi gwaji ɗaya faɗar gaskiya.

Feritin ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ce a jiki, amma tana hawa sosai a kumburi mai tsanani. IL-6 kuma shi ne saƙon da ke umartar hanta ta fitar da CRP. Gwajinsa yana da tsada, kuma sai a manyan cibiyoyi ake samun sa, don haka a aikace CRP ne ke tsaya masa.

Furokalsitonin yana da wani aiki na daban. Ya fi hawa idan bakteriya ce, bairas ba ta cika ɗaga shi ba. Idan yana ƙasa da 0.25 nanogiram a mililita, likita na iya samun ƙarin natsuwar dakatar da maganin kashe bakteriya. Wannan na da muhimmanci domin a lokacin korona an ba majinyata da yawa irin waɗannan magunguna alhali kaɗan ne daga cikinsu ke da bakteriya, kuma hakan na ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Daskarewar jini

D-dimer ɓurɓushi ne da ke fita idan jiki yana narkar da gudan jini. Iyakarsa ta yau da kullum ita ce 0.5 maikirogiram a mililita. Ya yi suna bayan binciken da aka buga a mujallar The Lancet a watan Maris na 2020 kan majinyata 191 a asibitoci biyu na Wuhan, inda 54 suka rasu. Waɗanda D-dimer ɗinsu ya haura 1 a ranar kwanciya sun ninka sauran hatsarin mutuwa sau da yawa. Korona tana sa jini ya daskare a ƙananan jijiyoyin huhu da manyan jijiyoyin ƙafa, shi ya sa ake yi wa waɗanda aka kwantar allurar hana daskarewar jini idan babu abin da ya hana.

Sai dai D-dimer yana hawa da shekaru ko da babu ciwo. Wajen binciken gudan jini a huhu, likitoci kan yi amfani da wata ƙa'ida ga wanda ya haura shekara 50: a ninka shekarunsa sau goma. Ga mai shekara 75, iyakar ta zama 750 maikirogiram a lita maimakon 500. Tiyata, ciwon daji da doguwar kwanciya su ma suna ɗaga shi.

Ƙoda, zuciya, sukari da sauransu

Yuriya da kiriyatinin suna nuna aikin ƙoda. Yuriya takan hau da wuri idan tsoho ya daina shan ruwa, abin da ke saurin faruwa a zafin Gadarif ko na Agadas. Kiriyatinin kuma na iya yaudara: daga tsoka yake fitowa, don haka ramammen dattijo na iya nuna adadi mai kyau alhali ƙodarsa ta yi rauni.

Turoponin yana fita ne idan tsokar zuciya ta ji rauni. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka buga a 2018, ya nuna cewa hatsarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau shida a makon farko na kamuwa da influwenza. Tsohon da ke mura ya kuma koka da ciwon ƙirji, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

LDH sinadari ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta, yana zubowa cikin jini idan nama ya lalace, ciki har da na huhu. Albumin idan ya sauka ƙasa da giram 35 a lita yana nuna rashin abinci mai gina jiki ko daɗewar ciwo. Gishirin jini, wato sodiyam, idan ya sauka ƙasa da 135 yana iya rikita tunanin tsoho. Sukari kuma yakan hau a ciwo mai tsanani har ga wanda bai taɓa sanin yana da ciwon sukari ba, kuma hawansa a ranar kwanciya ba alama ce mai kyau ba.

Haɗa ma'aunai wuri guda

Babu gwaji ɗaya da ya isa shi kaɗai, shi ya sa aka ƙirƙiri tsarin ba da maki. Mafi shahara shi ne CURB-65 da aka wallafa a 2003 don masu ciwon huhu. Ana ba da maki ɗaya ga kowane ɗaya daga abu biyar: rikicewar tunani, yuriya sama da milimol 7 a lita, numfashi 30 ko fiye a minti, hawan jinin da ya faɗi ƙasa da 90 a sama ko 60 zuwa ƙasa a ƙasa, da shekara 65 ko fiye. Mai maki 0 ko 1 yakan iya jinya a gida, mai 2 ana duba yiwuwar kwantar da shi, mai 3 zuwa sama yana cikin hatsari. Inda babu ɗakin gwaji ana cire yuriya a yi aiki da sauran huɗun.

A watan Satumba na 2020 masu bincike a Birtaniya suka fitar da ma'aunin 4C don korona, daga bayanan majinyata fiye da 35,000 a asibitoci 260, suka kuma gwada shi a kan wasu fiye da 22,000. Yana haɗa abu takwas: shekaru, jinsi, yawan cututtukan da ake ɗauke da su, saurin numfashi, yawan oksijin, farkawar hankali, yuriya da CRP. Maki yana tashi daga 0 zuwa 21. A cikin masu maki 3 zuwa ƙasa, kashi 1 ne suka rasu. A cikin masu 15 zuwa sama, kashi 62. Abin lura shi ne shekara 80 kaɗai tana ba da maki 7, alhali CRP mafi tsanani maki 2 yake bayarwa, yuriya kuma 3. Gwajin jini ƙari ne a kan abin da ido ke gani.

Wani bincike na 2020 mai suna COPE, kan majinyata 1,564 a Birtaniya da Italiya, ya nuna cewa raunin jiki kafin ciwo ya fi shekaru hasashen yadda jinya za ta ƙare. Dattijo mai shekara 75 da ke zuwa gona da masallaci da ƙafarsa ba ɗaya yake da sa'ansa da sai an ɗaga shi an kwantar ba.

Akwai kuma darasi kan saurin yarda. A watan Mayu na 2020 wasu masu bincike a Wuhan sun wallafa cewa LDH, CRP da limfosayit kaɗai na iya hasashen mutuwa da daidaito fiye da kashi 90, kwana goma kafin ta faru. Da aka gwada tsarin a asibitocin Holand, Faransa da Amurka, bai yi aiki haka ba. Ma'aunin da aka gina a kan wata al'umma sai an sake gwada shi kafin a ɗora shi a kan wata.

Abubuwan da ke rikita sakamako a yankunanmu

Wannan darasi ya fi shafar Gadarif da ƙasashen Sahel, domin akwai cututtuka da halittu da ke taɓa waɗannan ma'aunai ba tare da ciwon huhu ba.

Zazzaɓin cizon sauro yana saukar da filatilet da limfosayit, yana kuma ɗaga CRP, LDH, D-dimer har da furokalsitonin. A damina da kaka duk tsohon da ya zo da zazzaɓi da tari ya kamata a yi masa gwajinsa, kuma samun sa ba ya kore yiwuwar akwai ciwon huhu tare da shi.

Kala-azar ita ce babbar matsalar Gadarif, wadda ke cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda ke son baƙar ƙasa mai tsagewa da dazukan aduwa da ƙaya, kuma ƙauyukan bakin kogunan Rahad da Atbara sun daɗe suna fama da ita. Tana kumbura saifa, tana saukar da jajaye da fararen ƙwayoyin jini da filatilet gaba ɗaya, tana kuma ɗaga feritin. Wanda ya yi fiye da mako biyu yana zazzaɓi yana ramewa a wannan yanki, a yi masa gwajinta na gaggawa. Zazzaɓin denge, wanda ya ɓarke a jihar a 2023, shi ma yana saukar da fararen ƙwayoyin jini da filatilet. Tarin fuka da cutar HIV suna rage limfosayit, amosanin jini kuma yana ɗaga LDH da fararen ƙwayoyin jini.

Sai batun gado. Mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne ba su da wani furotin da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Masu wannan halitta sukan kasance da niyutrofil ƙasa da na Turawa da mutanen Asiya, kuma lafiyarsu ƙalau. Saboda haka NLR ɗin Bahaushe na iya fitowa ƙasa da yadda ake tsammani ko da ciwon ya yi tsanani, kuma iyakokin da aka samo daga China na iya raina halin da yake ciki.

Magunguna ma suna shiga. Deksametazon da danginsa suna ɗaga niyutrofil da sukari, suna saukar da limfosayit da CRP. Wanda ya sha su daga kantin magani kafin ya zo asibiti ya riga ya sauya hoton jininsa.

Na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ita ma tana da nata rauni. Binciken Jami'ar Michigan da aka buga a Disamban 2020 ya duba majinyatan da na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96. Da aka auna jininsu kai tsaye, kashi 11.7 na baƙaƙen fata suna ƙasa da 88, a fararen fata kuma kashi 3.6. Baƙin lalle, jan farce da sanyin hannu na iya ƙara rikita ta. Idan na'ura ta ce lafiya amma tsoho yana haki, a gaskata hakin.

Kan duk wannan ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 na asibitocin da ke yankunan faɗa sun daina aiki. Gadarif, wadda tun Nuwamban 2020 take ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanoni irin su Um Rakuba, ta karɓi ɗimbin waɗanda suka tsere daga Khartoum, sannan daga Wad Madani a Disamban 2023. A irin wannan cunkoso da ƙarancin kayan aiki, sanin wanda ya fi buƙatar gado da tukunyar oksijin ya zama batun rai da mutuwa, kuma gwaje-gwaje masu arha su ne abin dogaro.

Takarda ɗaya, ma'auni daban-daban

Iyalai da yawa kan aika hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp ga ɗan'uwa ma'aikacin lafiya a wata ƙasa. A nan ake samun ruɗani, domin ma'aunin rubutu ya bambanta. Yuriya milimol 7 a lita daidai take da miligiram 42 a desilita, yadda aka saba rubutawa a Sudan, da kuma giram 0.42 a lita a takardun Faransanci. CRP miligiram 100 a lita shi ne 10 a desilita. D-dimer 0.5 maikirogiram a mililita shi ne 500 nanogiram a mililita. Sukari miligiram 180 a desilita shi ne giram 1.8 a lita ko milimol 10. Idan za a ɗauki hoto, a haɗa da layin ma'auni da iyakokin da ɗakin gwajin ya buga a gefe.

Yadda sakamako ke sauya magani

Amfanin waɗannan gwaje-gwaje shi ne su taimaka wajen yanke shawara. A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa deksametazon, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a masu shaƙar oksijin. Ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfana ba. A influwenza kuma ba a ba da shawarar amfani da shi haka kawai, maganinta shi ne oseltamibir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin sa'o'i 48. A wannan gwaji na RECOVERY ne aka yi amfani da CRP wajen zaɓen waɗanda za a ba tosilizumab: masu ƙarancin oksijin da CRP ɗinsu ya kai 75. Mutuwa ta sauka daga kashi 35 zuwa 31.

Yuriya mai yawa tana sa a ƙara ruwa a kuma rage magungunan da ke wahalar da ƙoda. Sukari mai yawa yana sa a fara insulin. Limfosayit da ke ci gaba da sauka tare da CRP da ke hawa suna sa a tura majinyaci babban asibiti tun yana iya jure tafiya.

Abin da iyali za su riƙe

Mummunan sakamako ba hukuncin mutuwa ba ne. Ko a rukuni mafi hatsari na ma'aunin 4C, kusan mutum huɗu cikin goma sun rayu. Haka kuma kyakkyawan sakamako a ranar farko ba ya nufin an tsira, domin ciwon huhu na bairas yakan tsananta a ƙarshen makon farko.

A garzaya da tsoho asibiti idan yana numfashi da ƙyar ko da sauri, idan tunaninsa ya rikice ko yana wuyar tashi daga barci, idan ya kasa ci da sha, idan fitsarinsa ya ragu sosai, idan yana ciwon ƙirji, ko idan na'urar yatsa ta nuna ƙasa da 92. A tafi da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, da tsofaffin takardun gwaji idan akwai, a kuma faɗa wa likita ranar da ciwon ya fara. Idan kuɗi bai kai ga duk gwaje-gwajen da aka rubuta ba, a tambayi likita waɗanda suka fi muhimmanci. Sau da yawa ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro, sukari da aikin ƙoda ne ke gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo tare da influwenza da RSV, musamman a lokacin sanyi da hunturu da kuma bayan dawowar alhazai. Allurar rigakafin influwenza da ta korona, inda ake samun su, suna rage yiwuwar tsoho ya kai ga kwanciya, kuma mai mura a gida ya nisanci ɗakin kaka har sai ya warke.